Amsa ga ɗiyata game da yaro da allura

Assalamu alaikum ɗiyata. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara, saƙonki ya iso gare ni. Kin ce ɗanki, abokina, wanda bai cika shekara bakwai ba, yana matsa miki sai kin ba shi allura da zare duk lokacin da ya ga kina mayar da maɓallin rigar makaranta, kuma wasu daga dangin mahaifinsa sun ce kada ki biye masa, wai ɗinki aikin mata ne, ba al'adarmu ba ce a koya wa ɗa namiji. Kina tambaya ko haka ne, in kuma ba haka ba ne, daga shekara nawa ake farawa. Da na karanta sai da na yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba, domin ban taɓa zaton zan ga ranar da za a faɗi wannan magana a cikin birnin Shehu ba.

A gidan da muka tashi da mahaifiyarki, auduga ta mata ce. Su suke gurza ta, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Daga nan zaren yakan fita hannunsu ya tafi wurin masaƙa, waɗanda maza ne, su saƙa sawaye 'yan sirara. Marina su rina, su ma maza ne. Sannan maɗinka su haɗa sawayen su zama riga, su yi mata aiki a wuya da aljihu, aska biyu ko aska takwas, da zaren tsamiya ko alharini. Da yawa daga cikin masu wannan aiki malamai ne da almajiransu, saboda hannun da ya saba da alƙalami shi ya fi iya fitar da zanen a jikin riga. Ɗinkin hula da kike gani mata suna yi a cikin gidaje a idona ya yawaita, kuma abin alheri ne, amma ba shi ne farko ba. Ko yau ki leƙa shagunan teloli a kasuwa, ko rumfunan dukawa masu aikin jar fatar akuyarmu, ki ga ko su wane ne riƙe da allura da basilla.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, maɗinki ne, kuma idan wani ya raina sana'arsa ba ya jayayya. Yakan ce malamai sun faɗa cewa Annabi Idrisu ne ya fara ɗinki, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa a cikin gida. Ya ƙara da cewa Shehu Usmanu kansa, kamar yadda magabata suka gaya masa, yana tufka igiya don ya ci daga guminsa. Daga nan sai ya mayar da kai ga aikinsa, ya bar mutum da tunaninsa.

Akwai wani jajibirin ƙaramar Salla da ba na mantawa, shekara guda kafin a kashe Sardauna a 1966, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Azumin ya faɗo cikin hunturu, yatsu duk sun faffashe, kuma a zauren kakanmu akwai wata babbar riga ta saƙi wadda aka yi watanni ana aikinta, ta wani basarake da zai yi hawa da ita washegari. Saura kaɗan a linzami, wato wani sashe na aikin wuya, da kalmasar ƙasa. Mutum huɗu suna zaune sun kewaye ta a kan tabarma, kowa da gefensa, ni kuwa aikina a lokacin shi ne zura zare a kafar allura in miƙa, tunda idon yaro ya fi na manya kaifi. Kakanmu yana da wani ƙyalle mai kauri da yake soke allurai a jiki, kuma duk lokacin da za a tashi salla sai ya ƙirga su. Da aka kira Azahar ya ƙirga, sai ya ga babu guda ɗaya.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Allura guda ta ɓace, kowa shi aje aikinai.” Ɗaya daga cikin almajiransa, wanda ya riga ya zama magidanci, ya ce, “Baba, rana tana tafiya, ɗan aiken mai riga yana ƙofa, ga wasu allurai nan a ci gaba da su.” A wannan lokaci akwai jinjiri a gidan da ya fara rarrafe, yakan fito har zaure, shi ne kawunku na Gusau. Kakanmu ya nuna ƙofar cikin gida ya ce, “Riga in ba ta ƙare ba, mai ita shi yi hushi shi huce. Allura in ta shiga jikin jinjiri, wa ka hiddo ta?”

Bayan an idar da salla aka ɗage rigar a hankali aka kakkaɓe ta ninki bayan ninki. Aka naɗe tabarmi aka fitar da su rana. Inna ta aiko da rariya, aka riƙa tankaɗe yashin zauren kaɗan kaɗan, manyan mutane masu gemu suna durƙushe da azumi a bakinsu, ɗan aiken basarake ma da ya gaji da tsayuwa ya tuɓe takalmi ya shigo ya sa hannu. La'asar ta yi ba a gan ta ba. Ni ina ƙarami, sai na kwanta rub da ciki na sa kuncina a ƙasa ina kallon wajen ƙofa, inda hasken yamma yake shigowa a karkace, sai na hango wani ɗan ƙyalli a tsagar dokin ƙofa. Na zaro ta na kai wa kakanmu da hannu biyu.

Ya karɓa ya duba, bai mayar da ita cikin ƙyallen ba. Ya ce wanda ya san wahalar neman allura ya isa a ba shi amanarta. Ya zaunar da ni kusa da gwiwarsa, ya juya cikin rigar inda ido ba ya gani, ya kama yatsuna da nasa, muka soka tare muka ja, muka sake sokawa, har muka yi tsawon ɗan yatsa a kalmasar, sannan ya karɓe ya ci gaba da kansa. An gama rigar dab da shan ruwa. Washegari na bi yayyena muka tsaya kusa da fada, mahaya suna dawowa daga idi, ana busa kakaki, ƙura ta tashi, na hango rigar a kan wani jan doki hannayenta a naɗe bisa kafaɗa. Duk taron nan babu wanda ya san cewa akwai ɗinkina a cikinta sai ni, kuma farin cikin da na ji ya fi na kwabban barka da Salla da na tara a ranar.

Kin ga ke nan ba da allura ake farawa ba. Na daɗe ina zaune ina kallo, ina tsince guntayen zare, ina zurawa ina miƙawa, kafin ranar nan ta zo. Bayanta ma tsumma aka ba ni, kakanmu ya ja layi da gawayi ya ce in bi, aka ɗaura mini guntun fata a yatsa saboda suka, kuma zaren ba ya wuce kamu ɗaya don kada ya harɗe. In ɗinkin ya karkace ba ya duka, sai ya ce a warware a sake, yana faɗin sauri ya haifi nawa. Ba a taɓa barina da allura ni kaɗai ba, in na tashi sai na mayar da ita ya ƙirga. Inna kuma tana da nata dokokin: ba a ɗinki da dare, ba a ɗinke tufa tana jikin mutum, wai yana jawo tsiya. Da na girma na gane cewa a gidan da fitilar aci-balbal ce haske, kuma yara suna yawo ba takalmi, waɗannan maganganu sun tsare idanu da ƙafafu masu yawa.

Abin da yake damuna, ɗiyata, ba maganar dangin maigidanki kaɗai ba ce. Na lura a gidaje da yawa yanzu babu ko allura guda. Wando ya ɗan yage, sai a ajiye shi a jira mai keke a kafaɗa ya wuce yana kaɗa almakashi, ko a jefar a sayo wani a gwanjo, alhali iyayenmu suna yi wa riga maho har sau nawa ba su ji kunya ba. Yaron da ake tsoron allura ta lalata shi, shi ne ake miƙa wa waya ya wuni a kanta babu mai duba abin da yake kallo. Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga naki ya tanƙwaro da kansa yana neman abin yi da hannunsa, bai kamata a kore shi ba.

Batun shekaru kuwa, kakanmu bai taɓa tambayar shekarun yaro ba, zamansa yake dubawa, ko zai iya natsuwa wuri ɗaya har a gama zance. Ke kike tare da shi, kin fi ni sanin wannan. Su kuma dangin mahaifinsa kada ki yi musu da su, surukai ne, girmansu ya wajaba a kanki. Ki nuna wa maigidanki wannan takarda, shi ya san yadda zai yi magana da su. Idan an yi hutu ki turo mini abokina ya kwana biyu, akwai wani dattijo a unguwarmu da har yanzu yake aikin wuya da hannu, ina so in kai shi ya zauna kusa da shi. Ki gaida kowa da kowa.

Kawunki.