Shawarar Lauya: 'Ya'yan Yayata Suna Wahala a Hannun Matar Uba, Wace Ƙofa Zan Ƙwanƙwasa?

Wata mai karatu daga Kano ta rubuto cewa yayarta ta rasu watanni takwas da suka wuce, ta bar yarinya 'yar shekara tara da yaro ɗan shekara shida, waɗanda mahaifinsu ya ci gaba da riƙewa bayan an yi sadakar arba'in. Ta ce tun da ya sake aure aka cire yarinyar daga makaranta aka ɗora mata talla, kuma ta ga shatin bulala a bayan yaron. Mahaifiyar marigayiyar tana raye, mijinta ya rasu, ita kuwa mai tambayar tana gidan aurenta. Wata ma'aikaciyar ƙungiya mai zaman kanta ta yi mata tayin cewa in ta ɗauko yaran, za a ajiye su a gidan ƙungiyar. Tana so ta san ko tana da ikon ɗauko su, da kuma hukumar da ya kamata ta nufa.

Malama, Allah ya jiƙan yayarki, ya raya abin da ta bari. Kada ki ɗauko yaran nan ba tare da yardar mahaifinsu ko umarnin kotu ba, kuma kada ki miƙa su ga kowace ƙungiya, komai kyan niyyarta. Ɗauke yaro daga hannun waliyyinsa ba da izininsa ba laifi ne a dokokin hukunta laifuffuka da ake aiki da su a Arewa, kuma ranar da kika yi haka, maganar za ta tashi daga wahalar da yaran suke sha ta koma kan abin da ke kika aikata. Ma'aikatar mata, da Hisba, da 'yan sanda, da mai unguwa, da ƙungiyoyi, kowannensu yana da aikin da zai yi miki, amma idan uba ya ƙi yarda, kotu kaɗai ce take da ikon cire yaro daga hannunsa ta ba wani riƙo. Abin da ya fita daga wannan ƙa'ida shi ne idan kika tarar da yaro cikin rauni mai tsanani ko haɗarin rasa rai, to a nan sai ki kai shi asibiti, ki sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ki tabbata an rubuta rahoton.

Tunda dukanku Musulmi ne, maganar riƙo tana hannun kotun shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ambaci waliccin ƙananan yara cikin al'amuran da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci take saurare. Kotunanmu suna bin mazhabar Malikiyya, wadda hukuncinta a nan ya saɓa wa abin da yawancin mutane suka ɗauka. A al'ada ana ganin in uwa ta rasu 'ya'ya na uba ne kai tsaye, alhali Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo yana komawa ga kaka ta wajen uwa, bayanta kuma 'yar'uwar uwa. Riƙon namiji yana ci gaba har ya balaga, na mace kuwa har ta yi aure ta tare. Uba yana nan a matsayinsa na waliyyi, shi ne mai kula da dukiyarsu da tarbiyyarsu da aurar da 'yarsa, sai dai kwana da renon yau da kullum ba shi ne na farko a layi ba.

Akwai abin da ba zai yi miki daɗi ba. Mahaifiyarku tana gabanki a wannan haƙƙi, sannan aurenki yana iya zama cikas, domin Malikiyya sun shardanta cewa mace mai riƙo kada ta kasance tana auren mutumin da ba muharramin yaron ba ne, kuma mijin ƙanwar uwa ba muharramin yarinya ba ne. Saboda haka shawarata ita ce Hajiya, wato mahaifiyarku, ta nemi riƙon da sunanta, ke ki tsaya mata. Za a duba hankalinta da amanarta da lafiyarta da tsaron gidan da take zaune, kuma idan tsufa ya fara rinjayarta, samun wadda za ta riƙa taimaka mata a gida yana toshe wannan kafa. Kada ku yi jinkiri. Malamai sun ce wanda ya saryar da haƙƙin riƙo ba tare da uzuri ba, ba ya dawo masa, kuma lauyan uban zai so ya fassara shirun watanni takwas a matsayin saryarwa. Ku shirya bayanin abin da ya hana ku magana tun farko, ko alhinin rasuwa ne, ko kawaici, ko rashin sanin halin da yaran suke ciki sai daga baya.

Komawar yara gidan kaka ba ta sauke wa uba nauyin ci da sha da sutura da magani, kuma alƙali yana yanka masa abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon samunsa. Idan marigayiyar ta bar dukiya, rabon yaran nasu ne, uban yana riƙe da shi ne a matsayin amana, kuma ana iya kai kuka gaban alƙali idan aka ga yana salwanta.

Dokokin gwamnati ma suna tare da ku. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora komai a kan maslahar yaro, kuma Jihar Kano ta sanya hannu a kan tata dokar kare yara a 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye tura yaro makarantar firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, don haka cire 'yar shekara tara daga aji a ɗora mata faranti ba abu ne da uba zai ce ruwansa ne shi kaɗai ba. Cutar da yaro ko sakaci da shi daga wanda yake riƙe da shi laifi ne mai zaman kansa. Duk da haka, ban ba ki shawarar farawa da ƙarar laifi ba matuƙar raunin bai yi tsanani ba, domin uban da aka tsare ba ya ciyarwa, kuma yaran nan za su ci gaba da buƙatarsa har su girma.

Ƙofar da mutane suka fi mantawa da ita, wadda kuma a ganina ta fi kowace amfani a irin matsalarki, ita ce ta jami'an jin daɗin jama'a. Suna ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata ta jiha, kuma akwai sashensu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ki kai koke a rubuce, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Aikinsu ne su kira uban, su ziyarci gidan, su ga inda yaran suke kwana, su tattauna da su, su rubuta rahoto. Maganarki a kotu maganar dangin uwa ce, wadda za a ce akwai jin haushin sabuwar amarya a cikinta, amma rahoton jami'in gwamnati da ba shi da dangantaka da kowa yana da wani nauyi daban. Ofisoshin nan suna fama da ƙarancin ma'aikata da abin hawa, don haka sai kin riƙa bibiya da ƙafarki. Ma'aikatar ce kuma take kula da gidan yara na Nassarawa, sai dai irin wannan gida an tanade shi ne domin yaran da ba a san danginsu ba ko waɗanda ba su da wurin zuwa, kuma yaran da kakarsu take raye ba sa cikin wannan sahu.

Mai unguwa da dagaci da Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, ƙarfinsu yana wajen sulhu. Sau da yawa uban da zai yi taurin kai a gaban surukai yana saukowa idan malamin Hisba ya karanta masa hukuncin riƙo a gaban dattawan unguwarsa, kuma wannan hanya ta fi sauri, ta fi araha, ta fi kiyaye zumunci. Idan aka daidaita, a rubuta wanda zai riƙe yaran, da abin da uba zai riƙa bayarwa duk wata, da makarantar da za su shiga, da ranakun da zai gan su, kowa ya sa hannu tare da shaidu. Daga nan ku kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita a matsayin hukunci, domin sulhun da bai shiga kundin kotu ba, ranar da aka karya shi babu mai tilasta wa kowa. Abin da ba a sulhu a kansa shi ne rauni mai tsanani ko lalata da yaro. Idan Allah ya kiyaye kika ga alamar na biyun, akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa lalata a Asibitin Murtala, sannan a sanar da 'yan sanda.

Game da ƙungiyar da ta yi miki tayi, takardar rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, tana nuna cewa ƙungiya tana da suna a doka ne kawai, ba izinin ajiye 'ya'yan mutane ba ce. Ki tambayi ma'aikatar mata ko ta san gidan kuma ta amince da shi. Ƙungiyar da ta san aikinta ba za ta ce ki ɗauko yara a ɓoye ba, ita da kanta za ta raka ki ofishin jin daɗin jama'a. Mutanen Kano ba su manta da yaran da aka sace aka gano a Jihar Anambra a 2019 ba, kuma tun daga lokacin duk wanda aka gani da yaran da ba nasa ba, babu takarda, yana cikin zargi. Wannan ba ya nufin ki guji ƙungiyoyi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata da yara kyauta, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana ba marasa hali lauya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa tana karɓar koke ta gayyaci wanda ake kuka da shi, ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi da Hukumar Zakka da Hubusi kuma ana iya neman tallafinsu wajen karatu da ɗawainiyar marayu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ba ta shigo ba tukuna, sai idan aka tura yarinyar aikatau, domin dokarta ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Tun yanzu ki fara tara hujja. Ki nemi wasiƙa daga shugaban makarantar da yarinyar take zuwa, mai nuna ranar da ta daina halarta, da takardun haihuwar yaran na hukumar ƙidaya, da takardar shaidar rasuwar mahaifiyarsu. Idan akwai sabon rauni, likitan asibitin gwamnati ya duba ya rubuta. Ki samo maƙwabta mutanen kirki da suka gani da idonsu kuma suka yarda su tsaya gaban alƙali, abin da ya fi komai wuya a irin wannan shari'a, tunda kowa yana gudun ɓata da maƙwabcinsa. Kada ki saka hoton yaran a Facebook ko TikTok, kuma kada ki koya musu abin da za su faɗa, domin alƙalai suna gane yaron da aka haddatar.

Idan sulhu ya gagara, Hajiya ta shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da uban yake zaune, kuma tana iya naɗa wakili idan zirga-zirga za ta yi mata wuya. Ta nemi riƙo da ciyarwa da mayar da yarinyar makaranta, ta kuma roƙi umarnin wucin gadi kan inda yaran za su zauna kafin a gama shari'a. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha. Ku sani cewa a Malikiyya, idan waliyyi zai ƙaura ya zauna dindindin a gari mai nisan da malamai suka ƙayyade, yana iya neman tafiya da yaran, bisa sharaɗin amincin hanya da na garin. Idan kika ji ƙishin-ƙishin cewa uban yana shirin barin Kano bayan an kai masa sammaci, ku sanar da alƙali nan take, domin ya bincika ko ƙaura ce ta gaskiya ko dabarar kauce wa shari'a.