Me ya sa idon yaran walda ke ciwo cikin dare?

Tambaya: Ina da wurin walda a Tawa, da yara masu koyon aiki. Sau da yawa cikin dare sai ɗayansu ya tashi ido jawur, yana hawaye, wai kamar an zuba masa yashi. Na sai musu baƙin tabarau, bai hana ba. Yaya zan yi?

Amsa: Maigida, sannu da ƙoƙari. Ƙuna ce. Wutar walda na fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ke ƙona fatar saman ƙwayar ido. Ba nan take ake ji ba, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yaro ke tashi aiki lafiya lau, tsakar dare ciwo ya tashe shi.

Tabaran kasuwa na rana ne. Yana barin haske ya shiga ta gefe, ga fuska a buɗe. Waldar lantarki sai garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wutar. Kuma lura da wa ke kwana da ciwon: sau da yawa ba mai walda ba ne, yaron da ke riƙe masa ƙarfe ne, wanda aka ce wa "kau da kai" kawai. Kau da kai ba kariya ba ce. A sai masa tasa garkuwar, ko a matse ƙarfen da maɗauri ya ja baya. In aikinku a bakin titi yake, ku gitta falle ɗaya na kwano saboda masu wucewa.

In ta riga ta faru, ya kwanta a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi kan idon a rufe, kada ya murza. Madara, ruwan tumatir ko maganin ɗigawa na masu talla, duk a bar su. Yawanci kwana ɗaya ko biyu ya warke.

Amma in ido ɗaya ne kawai, musamman bayan yanka ko goge ƙarfe, to wataƙila ɓarɓashi ne ya maƙale. Kada a ciro shi da tsinke ko bakin zane, a kai shi asibiti ranar, don ƙarfe na yin tsatsa cikin ido. Haka in gani ya ragu, ko ciwon ya haura kwana biyu.

In kana da ma'aikatan da kake biya albashi, yi musu rajista a CNSS, hukumar inshorar ma'aikata ta Nijar, ita ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki.