Me ya sa murar tsuntsaye take dawowa da sabon nau'i?

Tambaya: Likita, ina kiwon kaji da agwagi a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Duk bayan 'yan shekaru sai mu ji a rediyo an ce sabon nau'in murar tsuntsaye ya ɓulla. Wai wa yake ƙirƙiro su?

Amsa: Malam, Allah ya albarkaci kiwo. Ba mutum ke ƙirƙiro su ba, ƙwayar cutar ce da kanta take sauyawa.

Bairos, wato irin wannan ƙwayar cutar, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga jikin kaza ya sa ƙwayoyin halittarta su yi ta kwafarsa, dubbai bisa dubbai. Kamar mai kwafar doguwar wasiƙa da hannu cikin gaggawa ne, dole wani harafin ya kuɓuce masa, kuma bairos na mura ba shi da mai duba masa kuskure. Yawancin kurakuran ba sa tsinana komai, wasu ma nakasa shi suke yi. Amma jifa-jifa akan samu wanda zai sa ya fi saurin yaɗuwa, ko garkuwar jiki ta kasa gane shi. Wannan sai ya rinjayi sauran.

Hanya ta biyu ta fi tayar mini da hankali. Kayan gadon bairos na mura, wato rubutun halittarsa da ake kwafa, gutsure 8 ne. Idan nau'i biyu suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, sai su yi musayar gutsuren, a wayi gari da baƙon nau'i lokaci guda. Murar da ta game duniya a 2009 haka ta samo asali, gauraye ce ta alade da tsuntsu da mutum.

Ku kuma kuna bakin dausayin Haɗeja-Nguru, inda tsuntsayen Turai da Asiya suke sauka lokacin hunturu. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar a ruwa ɗaya da su ba tare da ta nuna alama ba, ta kawo wa kaji. Tun 2006, da aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a jihar Kaduna, cutar ke kai-kawo a Arewa.

Don Allah ka raba makwancin agwagi da na kaji. Wadda ka sayo ranar kasuwa ka keɓe ta mako biyu. In suka fara mutuwa da yawa, kada ka yanka, kada ka kai kasuwa, kada yara su taɓa mushen. Ka sanar da jami'in dabbobi na ƙaramar hukumarku, a ɗauki samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato.