Hukuncin Magani Da Saiwar Sanya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakarmu takan daka ɓawon saiwar sanya, wadda ake ce wa uwar magunguna, ta ba mu mu shaƙa in ciwon kai ya matsa, wani lokaci ta jiƙa mu sha. Takan kuma ɗinke guntunta a fata ta rataya wa jariri don kada iska ta taɓa shi. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki son sani.

Asali dai, tsirrai halal ne, neman magani kuma sunna ce. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Don haka shaƙa ɗan garin sanya ko shafa shi ga gaɓa mai ciwo ba laifi. Duk wanda ya taɓa ɓare saiwar nan ya san ƙamshinta mai hawa ka, irin na man zafi.

Sha ne nake jin tsoro. Saiwar sanya tana da dafi, kuma ba a gane yawansa da ido. Abin da babba zai sha ya tashi lafiya, yaro ya sha sai a kwana a asibiti. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka. Shan ta ba bisa awon masani amintacce ba bai halatta ba. Mai juna biyu kuwa ta nisance ta ɗungurungum. Akwai masu amfani da ita don zubar da ciki, abin da malamanmu na Malikiyya suka hana tun kafin kwana 40, kuma mata sun rasa rayukansu ta wannan hanya.

Ratayawa ga jariri kuwa, a cire. Shaƙa sababi ne da ake ganin aikinsa a jiki. Guntun itace a cikin fata ba ya korar aljani. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. A riƙa tofa wa yaron Falaƙi da Nasi safe da yamma.

Ki yi wa kakarki bayani cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, domin ƙauna ce ta sa ta yin haka.

Wallahu a'alamu.