Amsa: Sanya VPN a rauta ta biyu

Ɗan'uwa na Ringim, kana tambaya ko za ka iya sa VPN (hanyar da ke ɓoye zirga-zirgarka a intanet) a rauta ta biyu, wato na'urar raba intanet, ka bar ta farko mai layin waya yadda take. Ƙwarai kuwa. Ka ja waya daga ramin LAN (inda intanet ke fita zuwa na'urorin gida) na ta farko zuwa ramin WAN (inda intanet ke shigowa) na ta biyu. In adireshin ta farko 192.168.0.1 ne, ka mai da ta biyu 192.168.2.1 don kada su yi karo. Sai ka loda fayil ɗin WireGuard ko OpenVPN (manhajojin haɗa VPN) da kamfanin VPN ya ba ka a kan rauta ta biyu. Amma ka tabbatar rautar tana karɓar VPN, don yawancin masu araha ba sa yi sai an ɗora musu OpenWrt, wato manhajar da ke maye gurbin wadda rauta ta zo da ita.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne wuta. Ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, da an ɗauke wuta lokacinsu ya rikice, WireGuard kuma ba ya haɗuwa in agogo ya koma baya. A nan ƙauyenmu na gani da idona. Ka haɗa rautocin biyu da batirin sola, ka kuma kunna NTP, wato tsarin karɓo lokaci daga intanet, don rauta ta biyu ta riƙa saita lokacinta da kanta.