Ɗan koyo zai iya yi wa injin motar daji garambawul a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, mai injin 22R, wadda nake shiga daji da ita. Kwanan nan ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, ba ta da ƙarfi a hawan tudu. Iyakar abin da na iya shi ne juyen mai da canjin fulogi da birki. Ina da fili, ina da lokaci. Zan iya sauke injin in gyara shi da kaina, ko ganganci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya, kuma ka yi dace da inji. 22R silinda huɗu gare shi, bawul takwas, kamshaf ɗaya a sama, girmansa lita 2.4. Ba shi da tarkacen da zai rikita mai koyo. Amma ina roƙonka kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna, sai ka san ciwon da ke damunsa.

Shuɗin hayaƙi ba kullum yake nufin ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya ci ba. In da safe kawai kake ganinsa lokacin tayarwa, ko bayan ka gangaro dogon tudu ka taka totur, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe, mai yana zurarewa ta wurin. Wannan ba sai an sauke inji ba. Nemi agogon awon matsi. Bari injin ya yi ɗumi, cire fulogi duka huɗu, danne totur har ƙasa, ka auna kowace silinda ka rubuta. Bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, duba bawul ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

To, a ce ringi ne. Tambayar da ta fi muhimmanci ga motar daji ita ce: me ya cinye shi? Buɗe gidan filtar iska, ka shafa yatsa a hanyar da iska ke bi daga filta zuwa kafireta. In ka ji gari-gari, ƙura tana shiga ta wata kafa, kuma ƙura da mai in suka haɗu sai su zama kamar sanfefa a jikin silinda. In kuwa ka taɓa tsallaka rafi motar ta mutu a tsakiyar ruwa, sa a duba kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, domin ruwa ba ya matsuwa, sai dai ƙarfe ya lanƙwashe. Duk wanda ya saka sababbin kaya bai toshe wannan kafar ba, zai sake sauke injin ba da daɗewa ba.

Kayan aikin da ba makawa: littafin gyaran wannan injin, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, filagej na awon siririyar rata, abin ɗaga inji da mazaunin da za ka kafa shi. Kada ka taɓa sa jikinka a ƙarƙashin injin da ke rataye.

Wajen kwancewa, wayarka ce abokiyar aikinka. Ɗauki hoto kafin ka zare kowace waya ko tiyo, kowane rukunin noti ka sa shi a leda ka rubuta sunansa. Murafen kwanrod da na karanshaf kowanne da gurbinsa da inda yake fuskanta, domin tare aka gyara raminsu a masana'anta. Ka musanya biyu, karanshaf zai cije. Kan injin naka na alminiyom ne, saboda haka sai ya huce sarai, sannan ka sassauta notinansa kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Akwai wani ƙaramin noti a gaba, ƙarƙashin farantin haƙoran kamshaf, wanda yake nutse cikin mai, ba a ganinsa. Shi ne ya haɗa kan da murfin taimin. Masu koyo da yawa sun fasa murfin nan suna ɓanɓarar kai da ƙarfi, alhali notin yana nan a ɗaure. Kana nan wurin kuma, duba robobin da sarƙar taimin ke bi. In suka karye, sarƙar takan ci murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai. Canja sarƙar da robobinta gaba ɗaya, kada ka yi tsumulmula a nan.

Akwai aikin da ba naka ba ne. Bulok da karanshaf da kan injin, kai su wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna. Su ne za su ce ramin silinda goge shi kawai za a yi, ko sai an faɗaɗa shi a sa fistin mai ƙarin 0.50 na milimita, ko karanshaf sai an rage shi da 0.25. Kada ka sayi fistin ko metal, wato kwanukan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, kafin ka ji daga bakinsu.

In kayan sun dawo, kada ƙyallinsu ya ruɗe ka. Wanke ramukan silinda da ruwan zafi da sabulu da buroshi, ka yi ta gogawa da farin ƙyalle har ya daina fitowa da toka-toka, ka busar, ka shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Fetur ba ya fitar da garin dutsen da aka goge ramukan da shi. Hanyoyin mai na cikin bulok da karanshaf ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. A ganina, injunan da aka haɗa a gida datti ya fi kashe su fiye da rashin gwaninta.

Sai awo. Ratar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido ba zai iya yanke hukunci ba. Akwai wani siririn zaren roba, Plastigauge: ka ɗora shi a busasshen karanshaf, ka ɗaure murfi daidai ƙa'ida ba tare da ka juya komai ba, ka kwance ka gwada faɗinsa da ma'aunin takardarsa. Kowane ringi kuma tura shi cikin silindarsa ka auna bakinsa da filagej, domin in ya matse da yawa, zafi zai sa bakunan su haɗu ya karye. Wajen sakawa kada bakunan su yi layi ɗaya. Bayan ɗaure kowane murfi, juya karanshaf da hannu. Inda ya fara nauyi, tsaya nan ka nemo dalili.

Ranar tayarwa, cire fulogi ka yi ta juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su. Ido a kan agogon zafi da ƙasan mota. In ya yi zafi, saita bawul: 0.20 na milimita a ɓangaren shiga, 0.30 a na fita. Kilomita 800 na farko ka yi su a kan kwalta, kana sauya gudu, ba dogon silo, ba jan kaya. Daga nan ka juye mai, ka canja filta, ka sake duba saitin bawul, sannan ka koma daji.