Filin Tsofaffin Kaya: Na tsinci sulallan caca na da, yaya zan wanke su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekarata shida a Las Vegas ina tuƙin motar kai kaya. Watan jiya wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, 'ya'yansa suka baje kayan gidan suna gwanjo, na sayi wani akwatin katako don sha'awar akwatin kawai. Da na buɗe a gida sai ga irin sulallan nan da ake kartar foka da su, sun kai ɗari uku. Wasu an rubuta Stardust, wasu Dunes, guda uku kuma Sands. Sauran babu sunan gida sai haruffa na ruwan gwal. Duk sun yi baƙi, wasu har sun manne da juna. Abokin aikina ya ce in jiƙa su a bilic su kwana, sannan in shafa musu man zaitun. Ni ba na caca, amma an ce masu tara kayan tarihi na saye. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Tun kafin mu yi nisa, kada ka bari bilic ya taɓa su, man zaitun kuma ka bar shi a kicin. Abokin naka alheri ya nufa, amma da ka bi maganarsa da ka wayi gari da asara.

Batun caca ba mu da saɓani, haramun ce, ni ma ban taɓa zama a teburinta ba. Sai dai gidajen cacan da ka lissafa duk sun shuɗe. An rushe Dunes a 1993, Sands a 1996, Stardust ya rufe a 2006 aka tarwatsa ginin a 2007. Babu tagar da za ka miƙa waɗannan sulalla a ba ka kuɗi. A wurina sun zama kamar anini mai huda da kwabon Ingila da nake ajiye da su a gwangwani, abin dubawa a tuna zamani. In zuciyarka ba ta kwanta da cinikinsu ba, ka tuntuɓi malamin da ka yarda da shi. Nawa shi ne kada kaya su lalace a hannunka.

Abin da ya ba su daraja shi ne ƙarancinsu. Tun 1987 dokar jihar Nevada ta tilasta wa gidajen caca su lalata sulallan da suka daina aiki da su. Abin da ya tsira shi ne wanda mutane suka tafi da shi gida a aljihu, kamar yadda marigayi maƙwabcinka ya yi.

Ka fara da shimfiɗa tawul a tebur, ka zube su, ka ware. Ba ruwa, ba sabulu tukuna. Waɗanda suka manne kada ka sa wuƙa a tsakaninsu. Ka riƙe da yatsu ka murza a hankali kamar mai buɗe murfin kwalba, za su rabu.

Iri uku za ka gani. Akwai waɗanda ake kira na yumɓu, faɗinsu milimita 39, nauyinsu giram tara zuwa goma ko kusa da haka. Ba zallar yumɓu ba ne, haɗi ne da ake matsewa da zafi da tsananin nauyi. Ɗige-ɗigen launi da ke gefensu ba fenti ba ne: yanka ake yi a cusa wani launin kafin a matse, shi ya sa za ka ga ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan. In ka ga 'yar doguwar hula da sanda an zagaye bakin sulen da su, tambarin kamfanin Paulson ke nan, wanda masu tarawa suka fi so. Akwai kuma waɗanda ake ce wa na tangaran, da suka fito a shekarun 1980, masu sumul, hoton ya rufe fuskar gaba ɗaya har gefe. Na uku na roba ne da ƙarfe a ciki, masu nauyin giram 11.5 ko 14, yawanci maganaɗisu na kama su. Waɗannan na wasan gida ne, ba su da wata daraja. Ka kula da na Dunes musamman, don an buga na kwaikwayo masu yawa da wannan suna bayan rushe gidan.

Na tangaran da na roba ba su da wahala: ruwa da sabulu, ka goge, shi ke nan. Mai kuma ba ya shiga jikinsu, zama zai yi a sama yana santsi yana kama ƙura. Duk sauran maganata a kan na yumɓu ce.

Guda ukun nan na Sands ka ware su gefe, ka sa kowanne a 'yar ledarsa, kada ka wanke. Haka duk wanda ka ga shi kaɗai ne irinsa a akwatin, ko mai babban adadi kamar dala 100. Masu tara ɗaiɗaiku da yawa sun fi son sule yadda ya fito daga hannun zamani, kuma wanki mara kyau na iya karya farashinsa. Ka yi sa'a, a garinku ƙungiyar masu tara waɗannan kaya, wadda aka kafa a 1988, take taronta na shekara-shekara. Ka kai musu su gani da ido kafin ka yi komai.

Sauran masu yawa, waɗanda ake sayarwa ɗari-ɗari, su ne wanki ke ƙara wa kyau. Baƙin da ka gani annakiya ce ta shekaru: gumin hannu, maiƙon abinci, hayaƙin taba, ƙurar kyallen tebur. Ka sami roba ka zuba ruwa mai ɗumi, irin wanda za ka yi wa jariri wanka da shi. Ruwan zafi na tausasa su su lanƙwashe, sule kuwa in ya lanƙwashe ba ya sake zama daidai a jeri. Ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan. Ka ɗauki guda ɗaya, mafi muni a cikinsu, ka gwada a kansa, ka bar shi ya bushe har gobe ka ga yadda ya yi. In lafiya, ka ci gaba goma-goma, kowane rukuni minti biyu ko uku a ruwa, kuma launi ɗaya a lokaci guda. Kada ka haɗa ja da fari. Buroshin haƙori mai laushi ya isa. Ka bi gefe da shi, ka zagaya baki, dauɗar da ta maƙale a cikin ramin hula da sanda kuma ka sa tsinken sakace na itace ka ɗago ta. Allura ko fil za su bar zane.

Na san abin da nake faɗa a kan jiƙo. Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Amurka, na sayi jajaye guda sittin a wani gwanjo. Na ga buroshi zai ci mini lokaci, sai na kaɗa wani garin wanki mai ƙarfi a ruwan zafi na zuba su, na tafi na kwanta. Da asuba na tarar ruwan ya yi jaja-jaja kamar an wanke zoɓo. Sulallan sun fita tas, amma jan nasu ya koɗe ya koma kamar bulon da rana ta daɗe tana duka. Da na ɗaga ɗaya a hasken taga, sai na ga ruwa ya kurɗa ƙarƙashin hoton tsakiya ya zana wani zobe mai duhu a gefensa. Sati biyu na shanya su a inuwa ina fatan zoben zai ɓace. Yana nan har yau, kuma duk sanda na buɗe akwatin sai raina ya sosu.

Wannan hoton tsakiya shi ne wurin da ya fi rauni. A tsofaffi da yawa takarda ce aka rufe da siririyar leda, in bakinta ya ɗan ɗaga ruwa zai shiga. Ka bi da farce ka ji. Wanda ka ji ya ɗaga kada ka tsoma shi, ka goge da tsumma mai laima kawai.

Masu haruffan ruwan gwal kuwa sun fi kowanne son lallashi. Ɗan siririn falle ne mai ruwan gwal aka buga da zafi, buroshi kaɗai na iya cinye shi. Ka wanke gefe, tsakiyar ka shafa da yatsa. Akwai wani farin soso da ake sayarwa mai kankare dauɗa ba tare da sabulu ba. Yana aiki, amma ka sani kankara yake yi kamar sanfefa mai laushi. A gefen sule ba laifi in an bi a hankali, a kan gwal kuwa shafa biyu ta isa ta tafi da harafi. Masu wanke dubbai suna amfani da na'urar nan mai girgiza ruwa da ake wanke zobba da sarƙa, da wani gari mai suna TSP. Kai da ɗari uku ba ka buƙatarsu.

Ka ɗauraye da ruwa mai kyau, ka tsane da tawul, ka jera su ɗai-ɗai a inuwa su kwana, ka juya ɗaya fuskar. A nan ne hankalin mutane ke tashi, don in sun bushe sai ka ga sun yi furu-furu kamar ƙafar yaro a hunturu. Ba lalacewa suka yi ba. Sabulu ne ya tafi da maiƙon da ke fito da launin, shi ya sa ake shafa mai.

Man da ake so shi ne farin man ma'adinai na kantin magani, wanda ba shi da launi ba shi da ƙanshi, irin wanda ake shafa wa katakon yanka nama. Man jarirai ma shi ne, turare kawai aka ƙara masa. In babu wancan zai yi, sai dai ƙanshin zai daɗe. Man zaitun, man gyaɗa da duk man girki suna lalacewa da daɗewa, su yi wari su yi danƙo. Man inji da na feshin ƙarfe ma babu su a wannan aiki.

Yawan man shi ne inda ake kuskure. Ɗigo uku ko huɗu a tsumman auduga ya ishi guda ashirin. Ka murza tsumman har man ya bazu, ya zama in ka taɓa shi da ƙyar za ka ji maiƙo. Ka jera ashirin ka riƙe su kamar sanda, ka mirgina gefensu a cikin tsumman. Nan take za ka ga kore ya dawo kore, ja ya yi jawur, ɗige-ɗigen gefe sun fito rangaɗau. Wannan lokacin ne na fi so a duk aikin. Daga nan ka ɗauki ɗai-ɗai ka zagaya bakin fuska, ka tsaya kafin ka kai hoton tsakiya, don mai in ya shiga ƙarƙashinsa ya fi ruwa muni, ba ya bushewa. Ka shimfiɗa su a tawul ɗin takarda su yi kwana ɗaya ko biyu, sannan ka bi da busasshen tsumma ka share abin da ya rage. In ka ɗora ɗaya kan ɗaya suka manne ko suka zame, mai ya yi yawa, ka sake gogewa. Farare ba su cika nuna bambanci ba, ni barinsu nake yi. Sau ɗaya ya isa shekaru.

In ka tashi sayarwa, ka faɗa wa mai saye cewa ka wanke ka shafa mai. Haƙƙinsa ne ya sani. Kafin nan kada ka bar su a mota; ka fi ni sanin zafin Yuli a garinku.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Daga Columbus nake, a jihar Ohio. Maigidana yana da irin waɗannan tsofaffin sulalla a durowa, yara na ɗauka suna wasan 'yan kanti da su, ƙaramar har baki take kaiwa. Akwai matsala?

AMSA: Lafiya lau 'yata. Ki karɓe su yau ɗin nan. Tsofaffin na yumɓu da dama an haɗa su da dalma don su yi nauyi. A 2007 wani gidan talabijin a Phoenix, jihar Arizona, ya sa an gwada wasu aka same ta a ciki. Babba da ya taɓa ya wanke hannu ba shi ne abin damuwa ba, yaro mai tsotsa ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma wasa da ita, ko da wannan bai kai wancan ba. Wanki da shafa mai ba sa cire ta. Ki sa maigidan ya kulle su a akwati a sama, in zai wanke ya sa safar hannu, kuma ba a kwanon abinci ba. Ƙaramar kuma ki faɗa wa likitanta abin da ya faru a duba jininta. Gwajin ɗan jini kaɗan ake ɗiba.